Daga Daura zuwa Wusasa: Wa ke kula da ɗalibin kwalejin Kirista idan ya shiga matsi?

Duk ɗan makarantar da aka taɓa kaiwa ziyara rijiyar Kusugu a Daura ya ji labarin. Ga ruwa a rijiya, amma macijin da ke ciki ya hana mutanen gari ɗiba sai ranar Juma'a, har sai da Bayajidda ya zo ya kashe shi.

Akwai irin wannan rijiya a makarantunmu da yawa. A takarda akwai ofishin ba da shawara, akwai ɗakin shan magani, akwai malamin da aka ce shi ne uban ɗalibai. A zahiri kuwa, ɗalibin da dare ya yi wa tsawo ba ya samun ko ɗaya daga cikinsu sai in an yi sa'a.

Maganar ta sake tasowa ne a watan Nuwamban 2025. A ranar 17 ga watan 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 25 a makarantar gwamnati ta Maga a jihar Kebbi. Kwana huɗu bayan haka suka faɗa wa makarantar St Mary's ta cocin Katolika da ke Papiri a jihar Neja, inda ƙungiyar CAN ta ce an tafi da ɗalibai 303 da malamai 12.

Gwamnatin tarayya ta rufe kwalejojinta na haɗaka fiye da 40, ciki har da ta Daura da ta 'yan mata ta Bakori, gwamnatin Katsina ita ma ta sallami ɗalibanta. Kafin ƙarshen Disamba an sanar da dawowar sauran yaran Papiri.

Aka yi murna, aka ɗauki hotuna, hankali ya koma wani wuri. Tambayar da ta rage ita ce wadda ba a cika yi ba: bayan yaro ya dawo aji, wa ke lura da barcinsa, da cin abincinsa, da karatun da ya wuce shi?

Wannan sharhi ya duba tambayar ne ta fuskar kwalejoji da makarantun Kirista da 'ya'yan jihar Katsina ke zuwa, domin suna da wani tsari na kula da ɗalibi wanda ya kamata a sani, suna kuma da giɓin da ya kamata a faɗa.

Su wane ne waɗannan ɗalibai?

Mutane da yawa, har a cikin jihar, suna ɗauka duk Kirista a Katsina baƙo ne. Ba haka abin yake ba. A Malumfashi da Ƙafur da Musawa da Matazu da Bakori akwai ƙauyuka na Hausawa Kiristoci, mafi yawansu tsatson Maguzawa, manoma ne gaba da baya.

A masarautar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, Kiristoci ba su da yawa. Galibi ma'aikatan gwamnati ne, da jami'an tsaro na kan iyaka, da 'yan kasuwa, sai kuma ɗaliban da sababbin makarantu suka jawo, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019 da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disamban shekarar.

Saboda haka yaron da iyayensa ke son ya yi karatu a hannun coci, ko matashin da ke son zama fasto ko fada ko katikis, yawanci kudu yake nufa: Malumfashi, inda Katolika ke da cibiyar horar da katikis, ko Wusasa a Zariya, inda Angilika ke da kwalejin tauhidi ta St Francis, ko Kaduna, ko Bukuru kusa da Jos. Hanyoyin da yake bi su ne waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba a shekarun nan.

A watan Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya cire sabon dayosis na Katsina daga na Sakkwato, ya kuma naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, a matsayin bishop na farko. Wannan ya matso da hukuncin makarantun Katolika na jihar kusa da gida. Ya kuma ɗora wa sabon dayosis nauyin da a da ake jingina wa nisan Sakkwato.

Gadon da aka bari

Kula da ɗalibi gaba ɗayansa ba sabon abu ba ne a makarantun mishan. Hasali ma da shi suka yi suna.

Likita Walter Miller na mishan ɗin Angilika ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1920. A can coci da makaranta da asibiti suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya koyar da yaro da safe ya san iyayensa, ya san in ya yi zazzaɓi, ya san in an rasa kuɗin makaranta.

Daga wannan ƙaramin gari aka samu Dakta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon.

A ƙasar Katsina kuwa, mishan ɗin SIM, uwar cocin ECWA, ta karɓi ragamar asibitin kutare na Babbar Ruga a ƙarshen shekarun 1930, inda ake haɗa magani da koyar da karatu. Haka ta yi a Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato, daga baya kuma a Danja a ƙasar Nijar.

A farkon shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. St Paul's ta Wusasa ta zama Kufena, St John's ta Kaduna ta zama Rimi, Queen of Apostles ta zama Queen Amina. Makarantun da majami'u ke da su a yau, da yawansu an sake gina su ne daga baya, ba da kuɗin Turawa ba, da baiko da kuɗin makaranta da gudummawar Zumuntar Mata.

Wannan ne tushen matsalar farko. Sunan kulawa ya rage, amma asibitin da ke maƙwabtaka da kuɗin da ke zuwa daga waje sun tafi.

Murhu mai duwatsu uku

Idan aka duba abin da ɗalibi ke buƙata, ana iya kasa shi uku kamar duwatsun murhu: kula da ruhinsa, kula da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa, da kula da karatunsa. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

A dutse na farko kwalejojin Kirista suna da ƙarfi. Akwai sujadar safe da ta yamma, akwai limamin makaranta, akwai ƙananan rukunonin addu'a. A makarantun gwamnati ma ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, tana yin irin aikin da ƙungiyar MSSN ke yi wa ɗalibai Musulmi tun 1954: tarbar sabon zuwa, ziyarar mara lafiya, karo-karo ga wanda guzurinsa ya ƙare.

Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. A makarantar da ake haɗuwa sau biyu a rana, da wuya ɗalibi ya ɓace kwana uku ba a lura ba. A babbar jami'a mai dubban ɗalibai kuwa, mutum na iya kwana mako guda a ɗaki ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Sai dai ƙarfin nan yana da nasa haɗarin. Inda kowane ciwo ake fassara shi da harshen ruhaniya, ɗalibin da ya kasa barci ko ya daina cin abinci zai ji ana cewa ya ƙara addu'a da azumi, ko kuma a fara zargin bangaskiyarsa. Ba a coci kaɗai ake haka ba. A gidajen Musulmi da yawa, abin da likita zai kira ciwon damuwa ana fara kai shi wajen mai ruƙiyya ne, sai abin ya ta'azzara a tuna da asibiti.

Addu'a tana da muhallinta, kuma ga mai imani tana rage nauyin zuciya. Amma limamin da ya san aikinsa shi ne wanda ya gane lokacin da zai ce wa ɗalibi: mu yi addu'a, gobe kuma in raka ka asibiti.

Wanda za ka faɗa wa, shi ne zai hukunta ka

Matsala ta biyu ita ce sirri. A ƙaramar kwaleji, mutum ɗaya ne sau da yawa ke riƙe da huluna uku: shi ne limami, shi ne malamin darasi, shi ne kuma ɗan kwamitin ladabtarwa.

A ɗauki misalin ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki da ya faɗa shan ƙwaya, ko ɗalibar da ta samu ciki, ko wanda shakka ta shiga zuciyarsa game da kiran da ya ce an yi masa. Cocin ƙauyensu ce ta biya masa kuɗi. In ya buɗe baki, maganar na iya kaiwa ga kora, korar kuma ta kai ƙauye kafin shi ya kai. To, me zai sa ya yi magana?

Cocin Katolika ta daɗe da gane wannan tarko a makarantunta na horar da limamai. Dokar cocin ta raba aiki biyu: akwai masu kula da tarbiyya da ke rubuta rahoto a kan ɗalibi, akwai kuma uban ruhaniya da mai jin iƙirari. Sashe na 240 na dokar ya hana a nemi ra'ayin waɗannan biyun idan ana yanke shawarar naɗa ɗalibi ko korarsa.

A 2008 fadar Vatican ta fitar da ƙa'idojin amfani da masana halayyar ɗan Adam a irin waɗannan makarantu, a 2016 kuma ta sabunta tsarin horon, inda ta jaddada cewa ginin mutum a matsayinsa na ɗan Adam shi ne harsashin sauran, wato ruhaniya da ilimi da aikin kiwon jama'a.

Ko ana bin wannan sau da ƙafa a ko'ina, wata magana ce daban. Amma darasin a fili yake, kuma kowace makaranta za ta iya ɗauka ba tare da kashe ko sisi ba: kunnen da ke sauraron sirri kada ya zama hannun da ke sa hannu a takardar kora.

Akwai iyaka, ba shakka. In rai na cikin haɗari, ko ana cin zarafin yaro, sirri ba ya tsayawa. Abin da ake buƙata shi ne ɗalibi ya san iyakar tun ranar da ya shigo, a rubuce, cikin harshen da yake ji.

Bayan an dawo daga daji

A daren 8 ga Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Na huɗun, Michael Nnadi mai shekara 18, an kashe shi. Ɗalibin dayosis ɗin Sakkwato ne, wanda a lokacin jihar Katsina ke ƙarƙashinsa.

A ranar 5 ga Yulin 2021 aka kwashe ɗalibai 121 a makarantar Bethel Baptist da ke Damishi a ƙaramar hukumar Chikun. An riƙa sakinsu kashi-kashi, na ƙarshensu bai dawo ba sai a Nuwamban 2023, bayan sama da shekara biyu.

A cikin jihar Katsina, a watan Mayun 2022 an sace limaman Katolika biyu tare da wasu yara biyu a Gidan Maikambu da ke Ƙafur. Kafin nan, a Disamban 2020, an kwashe ɗaruruwan ɗalibai a makarantar kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Bindiga ba ta tambayi addinin kowa ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san abin da ke biyo bayan irin wannan: mugun mafarki, firgita da ƙarar babur ko bugun ƙofa, saurin fushi, kasa riƙe karatu, da jin laifi ga wanda ya tsira alhali abokinsa bai tsira ba. Wasu alamun ba sa fitowa sai bayan watanni, lokacin da 'yan jarida da masu kawo ɗauki sun daɗe da tafiya.

Kuma ba waɗanda aka sace kaɗai abin ke taɓawa ba. Akwai waɗanda suka ɓuya a ƙarƙashin gado, da malamin da ke bakin aiki a daren, da ɗalibin da mahaifinsa ya sayar da gona da shanun huɗa ya biya fansar wani ɗan'uwa, yanzu kuma babu kuɗin zango.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, ta fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu a 2021, a ƙarshen 2022 kuma ta ƙaddamar da shirin kashe sama da naira biliyan 144 daga 2023 zuwa 2026. Amma in ana maganar tsaron makaranta, hankali ya fi tafiya ga katanga da ƙofa da jami'an tsaro. Wanda zai zauna da yaro duk mako na tsawon shekara ba ya fitowa a hoto.

Ina likitocin?

Ko da makaranta ta so tura ɗalibi, ina za ta tura shi? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa waɗanda ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane.

A Arewa maso Yamma manyan asibitocin wannan fanni su ne na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano. Ga ɗalibin da ke Daura ko Malumfashi, wannan tafiya ce ta kuɗin mota da kwana, ga kuma tsoron a gan shi a ce ya haukace.

Ta fuskar doka an samu ci gaba. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sabuwar dokar ta amince da haƙƙin mara lafiya na sirri da mutunci da kariya daga wariya.

Sai dai dokar final kot da jihohin Arewa suka gada ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai ɗaurin da ka iya kai shekara guda. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta kafa kwamiti a 2024 domin a soke wannan tanadi. Muddin ɗalibi na ganin cewa faɗin abin da ke ransa na iya haɗa shi da 'yan sanda, ban da kunyar coci ko masallaci, shiru zai zaɓa.

Daura ta ga inda rashin wurin zuwa ke kai iyaye. A Oktoban 2019 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani gidan mari a garin, da yawansu da tabon sarƙa da duka. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don ƙiyayya suka kai su ba. Ƙwaya ko taɓin hankali ya fi ƙarfinsu, ba su kuma ga wata ƙofa a buɗe ba.

Binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya. Babu katangar coci ko ta masallaci da ta isa ta hana wannan adadi shiga ɗakin kwanan ɗalibai.

Yunwa ma darasi ce

Ba kowace damuwa ce ke buƙatar likita ba. Wata buhun masara take buƙata.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Gwamnati ta amsa da asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya buɗe a Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 duk wata.

Amma asusun ya fara ne da ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai. Haka ma asusun TETFund, mai gina ɗakunan karatu da tura malamai ƙaro ilimi, ba ya shiga makarantu masu zaman kansu.

Hujjar gwamnati tana da ma'ana: kuɗin jama'a na makarantun jama'a ne, kuma su kansu ba su ƙoshi ba. Amma kalmar "mai zaman kanta" ta haɗa jami'ar da ake biyan miliyoyi a Abuja da makarantar Littafi Mai Tsarki ta ƙauye, inda ɗalibi magidanci ke zuwa da matarsa da 'ya'yansa, ana ba shi ɗan fili ya noma abin da za su ci.

In 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyen da ke ɗaukar nauyinsa, baiko ya ragu, tallafinsa ya tsaya. Irin wannan ɗalibi ba a korarsa. Yana tafiya hutu ne kawai, bai sake dawowa ba, kuma babu rajistar da ke ƙirga shi.

Dutse na uku: karatu

Yaron Ƙafur ko Matazu da ya tashi yana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke tun 1932, yana iya tsayawa ya yi wa'azi na awa guda ba gargada. A kwaleji sai a miƙa masa littafin falsafa da Turanci, a ce ya rubuta shafi goma.

In ya faɗi, ana cewa ba shi da ƙoƙari. Alhali matsalar harshe ce da kuma firamaren da ya fito, wadda wataƙila ta yi watanni a rufe saboda tsaro.

Maganin wannan sananne ne kuma ba shi da tsada: gwaji a makon farko domin a san matakin kowa, ajin ƙarfafa Turanci da rubutu a zangon farko, manyan ɗalibai su riƙa bita da ƙanana, da kuma malami ɗaya da zai riƙa duba sakamakon ɗalibai goma ko goma sha biyar tun kafin jarrabawa ta zo.

Akwai kuma batun kwanakin karatu. A azumin 2025 jihohin Katsina da Kano da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu na kusan mako biyar, a Katsina kuma hukumar Hisbah ta ce umarnin ya haɗa da makarantu masu zaman kansu. CAN da bishop-bishop na Katolika sun yi ƙorafi, gwamnatocin kuma sun ce an tsara kalandar ne tare da masu ruwa da tsaki, kuma ba a rage kwanakin karatu ba.

Ko wane ɓangare mutum ya bi, ɗalibin ajin ƙarshe jarrabawar JAMB da WAEC ɗaya zai rubuta da ɗan Legas. Duk hutun da ba a shirya masa ba, na azumi ne ko na tsaro, yana buƙatar tsarin cike gurbi. Yaron da ya yi wata guda a daji ya fi kowa buƙatarsa.

A Ingila, wata ɗalibar Jami'ar Bristol mai fama da matsanancin tsoron magana a gaban jama'a ta kashe kanta a 2018, a ranar da aka sa ta gabatar da aiki a gaban aji. Kotu ta yanke a 2022 cewa jami'ar ta nuna mata wariya da ba ta sauya mata salon gwajin ba, babbar kotu kuma ta tabbatar da hukuncin a 2024. Abin lura shi ne yadda ake yin jarrabawa shi ma wani ɓangare ne na kula da lafiyar ɗalibi.

Ɗan tsiraru a kowane gefe

Makarantun coci da dama a Arewa suna da ɗalibai Musulmi, domin iyaye na neman inganci. A makarantun gwamnati na Daura da Katsina kuma ɗalibai Kiristoci ne 'yan tsiraru.

Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare duka biyun. Ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko halartar ibadar da ba tasa ba, ya kuma ba kowace al'ummar addini damar koyar da 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyinta ita kaɗai.

Shugabannin Kirista, ciki har da Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, sun sha kokawa kan wahalar samun wurin ibada a wasu manyan makarantun Arewa. Musulmi a Kudu suna da nasu kukan, wanda ya kai har Kotun Ƙoli, inda a Yunin 2022 ta tabbatar da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas.

Ma'auni ɗaya ne. Kwalejin Kirista za a auna ta da yadda ɗalibi Musulmi ke samun wurin salla da abincin sahur. Kwalejin gwamnati a Daura za a auna ta da yadda ɗaliba Kirista ke samun inda za ta yi sujada da wanda za ta kai wa ƙara ba tare da tsoro ba.

Abin da za a iya yi

Na farko, kowace kwaleji ta raba mai sauraron sirri da mai ladabtarwa, ta kuma tabbatar akwai mace a cikin masu sauraron. Ɗaliba ba za ta kai wa namiji kowace magana ba, balle in ƙarar wani malami za ta kai.

Na biyu, a horar da limamai da iyayen ɗakunan kwana su gane alamun haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri mai suna mhGAP tun 2008, wanda aka tsara domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba a wuraren da likitoci suka yi ƙaranci, kuma an yi amfani da shi a Najeriya.

Na uku, kowace makaranta ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da asibiti mafi kusa, da lambar wayar da za a kira da tsakar dare. Dayosis ko gundumar coci na iya ɗaukar ƙwararre ɗaya da zai riƙa zagaya makarantu biyar ko shida, tunda ɗaya ba za ta iya biyansa ita kaɗai ba.

Na huɗu, asusun gaggawa na abinci da kuɗin mota, komai ƙanƙantarsa, wanda ɗalibi zai nema ba tare da an kira sunansa a gaban taro ba.

Na biyar, gwamnatin jiha ta sa makarantun addini, na Kirista da na Musulmi, cikin duk wani horo da tsarin gargaɗin gaggawa da take yi wa nata. Masu duba makarantu su daina tsayawa kan rasit da lasisi, su tambayi ɗalibai nawa suka bar karatu a bara da dalilin barinsu.

Iyaye ma suna da tasu rawar. Kafin a biya kuɗin zango, a tambayi shugaban makaranta: in ɗana ya kasa barci, wa zai gani? In ya faɗi jarrabawar farko, wa zai kira shi? In aka ji harbi da dare, ina za su nufa, wa zai kira ni?

Makarantar da ta amsa waɗannan da suna da lambar waya ta shirya. Wadda ta ce a bar wa Allah kawai, to a tuna mata cewa masu iya magana sun ce ko kana da kyau ka ƙara da wanka, sannan a sake tambaya.